Miksin ɗin muryar rap: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Tambayoyin nan kan miksin, wato daidaita murya da kiɗa bayan rikodin, kusan kullum sai an maimaita min su, wani ya turo waƙa yace oga saurara ka gaya min meye matsalar, wani kuma firiset, wato saitin da wani ya riga ya haɗa ya ajiye, kawai yake so in tura masa ya huta. Shiyasa nace bari in tara su waje ɗaya in amsa iya sanina. Abu ɗaya da zaka ga ina ta nanatawa shine a rap magana ake saurare. Mai rera waƙa in kalma ɗaya ta nutse a cikin ribab, wato amon ɗaki da ake ƙara wa murya, ba wanda zai damu tunda karin yana nan, amma wanda ya kwana yana ƙulla layi, in aka kasa jin kalmar ƙarshe ta layin to an kashe masa aikin gaba ɗaya. Lambobin da zan kawo kuma wurin farawa ne kawai, kunnenka ne alƙali.

Oga na samo firiset ɗin da aka ce irinsa manyan mawaƙa ke amfani da shi, na ɗora amma muryata bata fito kamar tasu ba, meye matsalar?

Ba wata matsala, abinda ya kamata ya faru ne ya faru. Wanda ya haɗa firiset ɗin nan a kan muryar wani ya haɗa shi, da wani maik, a wani ɗaki, da wani ƙarfin sigina, kai kuma ka zo da naka daban ta ko ina. Ɗauki kwamfuresa kawai, wadda take danne wurin da murya ta yi ƙarfi don ta daidaita, tireshol ɗinta, wato iyakar da take fara aiki, an saita shi ne daidai ƙarfin muryar da aka gwada da ita, in taka ta fi waccan ƙarfi da 6 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, sai ta matse ka kamar an shaƙe maka wuya, in kuma bata kai ba kwamfuresar ko motsi ba zata yi ba, tana nan dai a matsayin ado. Ban ce ka zubar da shi ba. Buɗe shi ka ga me aka jera bayan me, ka dinga kashe su ɗaya bayan ɗaya kana saurare, ta nan ne zai koya maka wani abu.

A ɗaki nake rikodin, muryar tana fitowa kamar ina magana a cikin kwali, miksin zai iya gyara ta?

Zai rage amma ba zai cire ba. Wannan kwalin da kake ji amon ɗakin ne, muryarka ta daki bango ta dawo cikin maik kafin ƙiftawar ido ta cakuɗe da ta asalin, kuma da zarar sun cakuɗe babu ikiyu, wato abin rage ko ƙara wani sashe na sauti, da zai raba su. Abin haushin ma kwamfuresa ƙara fito da shi take yi, don aikinta kenan ta ɗago abinda yake ƙasa-ƙasa. Sai kaga mutum ya kwarara ribab a kai wai ya rufe, kitso da ƙwarƙwata kenan.

Gyaran yana ɗakin. Kar ka tsaya a kusurwa don nan bes, wato ƙasan sauti, yake taruwa, kar kuma ka tsaya a tsakiyar ɗakin cif. Ka rataya bargo mai kauri a bayanka, eh a bayanka, domin yawancin maik ɗin murya ta gaba suke ji, gaban maik ɗin kuwa kai yake kallo da bangon da ka juya wa baya. Siririn soson nan da ake mannawa a bango shi saman sauti kawai yake sha, ƙasan yana nan yana yawonsa, shiyasa ƙaramin ɗakin da aka lulluɓe da shi ko ina yake fitowa a toshe. Tsakanin bakinka da maik ka bar kamar santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi ɗaya, da fof filta, ragar da ke tare iskar baki, a tsakani. In ka matsa sosai ƙasan muryar zai kumbura, in ka ja baya ɗakin zai shigo, kuma mai rap da yake rangaji gaba da baya yana yi muryarsa canza kauri take yi a kowane layi, gara ka sa masa alama a ƙasa inda zai tsaya.

In ɗakin ya ƙi gyaruwa, dainamik maik irin Shure SM7B yakan rufa asiri tunda kusa da baki ake sa shi sai muryar ta rinjayi ɗakin, sai dai yana cin gen, wato ƙarfin da ake ƙara wa siginar maik, wajen 60 dB yake so. Maik ɗin kwandensa kuwa sai ka kunna masa wutar 48V, kuma shi har motsin rigarka sai ya ɗauka. Sannan a rage ƙarar hedifon dan Allah, kiɗan da ke yoyo daga kunne ya shiga maik shima baya fita.

Har ina ya kamata mita ta kai lokacin rikodin?

Ka sa mawaƙin yayi wurin da ya fi ɗaga murya a waƙar ka saita gen da shi. Kar ka yarda da gwajin wan tu wan tu, duk mai rap a gwaji salihi ne, yana shiga baiti zai ninka ƙarfin. Wurin da ya fi ƙarfi ya tsaya tsakanin -12 da -6 dB. A 24-bit kana da fili har ya yi yawa, ba abinda zaka rasa don sigina bata cika mita ba, amma in ta daki 0 ta fashe to ta fashe kenan. Bafa kuma, wato saitin da ke jawo jinkiri tsakanin magana da jinta a hedifon, ka sauke shi zuwa 64 ko 128 lokacin ɗauka, 128 a kan 48 kHz bai kai milisakan 3 ba, in ka bar shi a 1024 mawaƙin zai dinga jin kansa a makare a hedifon ya dinga faɗuwa daga kan bit, wato kiɗan, kuna ta zarginsa alhali laifin naka ne. In an zo miksin sai ka mayar da shi sama.

Na gama rikodin, wane filogin zan fara ɗorawa?

Ko ɗaya tukuna, filogin kuwa su ne ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ɗora wa murya. Wannan matakin shine wanda kowa yake tsallakewa saboda ba daɗi, kuma wlh rabin aikin yana nan.

Da farko ka zaɓi tek. In anyi baitin sau huɗu ka saurari kowanne ka ɗebi layin da ya fi rai a kowane ɗaya ka haɗa, kuma rai nake nufi, tek ɗin da yake da zafi ko da ɗan kuskure ya fi wanda yake tsaf amma a mace. Duk inda ka yanka ka sa ɗan fed, wato shiga da fitar sauti a hankali, na milisakan 5 zuwa 10 don kar yayi ƙas. Inda aka yi fanci, wato mawaƙin ya tsaya ya ci gaba daga tsakiya, ka duba ko ƙarfin muryar ya zo ɗaya da na baya.

Sai kilif gen, ka bi layi-layi da hannu, kalmar da ta yi ƙasa ka ɗaga ta, wadda aka yi ihu a kanta ka sauke ta. Ka lura da ƙarshen layi sosai, nan ne numfashi yake ƙarewa murya ta faɗi, kuma nan ne daidai inda amsa-amon yake, wato abin da mai sauraro yake jira shine yake zuwa a raunane. Ɗaga shi da 2 ko 3 dB da hannu ya fi ka bar kwamfuresa ta yi ta kokawa da shi.

Numfashi kuma kar ka goge shi duka. Rage shi dai da kamar 6 zuwa 10 dB. Baiti mai sauri da babu numfashi ko ɗaya yana sa mai sauraro ya ji wani irin ƙunci bai san dalili ba, kuma nan take ake gane an yi ɗinki. Ƙarar leɓe da yawu in ta yi yawa iZotope RX yana da abin cire ta, in babu sai ka zauna ka tsince da hannu.

To bayan nan ya jerin yake?

Nawa dai yawanci haka yake: Auto-Tune mai gyaran nota in ana buƙata, sai ikiyu na ragewa, kwamfuresa, di'esa, wato mai rage kaifin s, sai ikiyu na ƙara haske, ɗan satureshon mai ɗan ƙona sauti ya yi kauri, ribab da dilei mai maimaita sauti kuma a kan send suke, wato wani layi na gefe da ake tura musu muryar, ba a kan muryar kai tsaye ba. Dalilin sa ikiyun ragewa kafin kwamfuresa shine kar gurnanin ƙasa da baka ma so ya dinga tunzura ta. Ba doka bace, wasu di'esa suke farawa da ita, wasu biyu suke sawa. In dai ka san dalilin da yasa ka ajiye abu a inda ka ajiye shi shikenan.

Ina zan yanke ina zan ƙara a ikiyu?

Ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, wato ma'aunin kauri ko sirantar sauti, yawanci ba murya a wurin, gurnani ne da dukan ƙafa da iskar baki, a yanke. Amma mai babbar murya ka bi a hankali, ka dinga hawa da filtar har ka ji muryar ta fara ramewa sai ka ɗan dawo baya. Tsakanin 200 da 400 Hz nan laka take, nan kwalin ɗaki yake zama, rage 2 zuwa 4 dB yakan buɗe murya fiye da duk wani haske da zaka ƙara a sama. Wajen 800 zuwa 1200 Hz nan maganar hanci take. Daga 3 zuwa 5 kHz nan kalmomi suke fitowa sarai, nan ne kuma kunne ya fi saurin jin zafi, don haka wurin riba ne kuma wurin asara. Sama da 10 kHz iska ce da sheƙi.

Kuskuren da na fi gani shine mutum ya sa muryar ita kaɗai a solo, ya ɗaga siririn ikiyu da 15 dB yana yawo da shi yana neman wurin da ba daɗi. Malam ko ina ka ɗaga haka ba zai yi daɗi ba, sai ka ƙare da rami goma a murya ta koma kamar ta rediyon da batirinsa ya yi sanyi, gyaran gangar auzinawa. Ka saurara tare da kiɗan, ka fara sanin me yake damunka kafin ka taɓa komai. Ni kaina na taɓa shafe kusan rabin awa ina murɗa ikiyu ina gyaɗa kai ina jin ana samun ci gaba, ashe a kan wani tirak nake murɗawa wanda yake a kashe. Tun ranar nake rufe ido in kunna in kashe filogin in ji ko da gaske akwai bambanci.

Kwamfuresa ce ta fi rikita ni, in na sa muryar sai ta mutu, in ban sa ba wasu kalmomin basa fita

Ita ce kuwa zuciyar muryar rap, don abinda ake so shine muryar ta tsaya a gaban fuskar mai sauraro daga farkon baiti har ƙarshe bata ja da baya ba. Abinda yake kashe maka murya kusan kullum abu biyu ne, ko atak, wato saurin da take fara dannewa, yayi sauri da yawa, ko kuma kwamfuresa ɗaya ka ɗora wa kayan da ya kamata biyu su ɗauka.

Maganar atak, farkon kowace kalma akwai ɗan duka, irin na k da t da b da ƙ, wannan dukan shine gangar mai rap, da shi yake hawa kan bit. In atak yayi sauri sosai sai ya danne dukan kalmomin su zama lagwani. A kwamfuresa ta yau da kullum fara da reshiyo, wato yawan matsewa, 4:1, atak wajen milisakan 5 zuwa 15, rilis, wato saurin da take sakin muryar, wajen 40 zuwa 100, ka sauke tireshol har ka ga tana cin 3 zuwa 6 dB. Rilis ɗin ka kalli allurar mitar kwamfuresar, ya kamata ta dawo kafin kalma ta gaba ta iso, fulo mai sauri rilis mai sauri yake so, in ba haka ba kalma ɗaya mai ƙarfi sai ta danne uku da ke bayanta.

Maganar biyu kuwa, tsohuwar dabara ce a haɗa kwamfuresa 1176 da LA-2A. Ita 1176 Bill Putnam ne ya ƙera ta a 1967, sauri gareta na bala'i, atak ɗinta daga maikurosakan 20 ne zuwa 800, wato ko mafi jinkirinta bai kai milisakan 1 ba, ita take kama kawunan da suka yi tsini. Ka kula maɓallanta a juye suke, 7 shine mafi sauri, mutane da yawa sun sha murɗa ta baibai. LA-2A kuma a hankali take, da haske take aiki a cikinta, manyan maɓallanta biyu ne kacal, ita take lallashin abinda ya rage ta daidaita shi da 2 ko 3 dB. Kowacce ta ci kaɗan, a haɗe sun ci da yawa amma kunne bai ji an matse ba. Ba sai kana da na ƙarfen ba, kamfanoni irin su Waves da Universal Audio duk sun yi kwafinsu, kuma ko kwamfuresar da ta zo da manhajarka ka ɗora sau biyu, ɗaya mai sauri ɗaya mai jinkiri, aikin ɗaya ne.

In har yanzu kana son ƙarin kauri sai ka tura kwafin muryar wani bas, wato layin gefe, daban ka matse ta can ba tausayi, 10 dB ko fi, sannan ka ɗago ta kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin ta asalin. Sannan duk lokacin da zaka gwada da kwamfuresa da babu, ka daidaita ƙarfinsu ya zo ɗaya, kunne maƙaryaci ne, duk abinda ya fi ƙara sai yace maka shi ya fi daɗi.

S da sh suna yanka kunne, ya zanyi?

Di'esa, wajen 5 zuwa 9 kHz, ka nemo daidai inda na mawaƙinka yake don kowa da nasa. Sautin s da sh da ts da c su ne masu laifin, kuma kwamfuresa da hasken da ka ƙara su suka daɗa fito da su. Kar ta wuce cin 3 zuwa 5 dB, in ta wuce mawaƙin zai koma kamar mai tsamin baki. In guda huɗu ko biyar ne kawai suka addabe ka a duk waƙar, sauke su da hannu ya fi tsafta. A rikodin na gaba ka ɗan karkatar da maik ɗin kar ya kalli baki kai tsaye.

Bit ɗin da aka bani fayil ɗaya ne an riga an yi masa mastarin, wato gyaran ƙarshe na ƙara masa ƙarfi, muryar ko dai ta hau kansa kamar an manna ta ko kuma ta nutse

Wannan ita ce rayuwar yawancin masu miksin ɗin rap, don haka kwantar da hankalinka. Bit ɗin ya riga ya cika mita har baki, ba wurin da murya zata zauna. Abu na farko sauke shi da kamar 6 dB, ko fi, ka gina muryar a kansa, ƙarfin da ka rasa zaka dawo da shi a ƙarshe. Masu farawa sai su bar bit ɗin a 0 su dinga tura murya sama har komai yayi ja.

Na biyu a buɗe wa muryar hanya a cikin bit ɗin. Ka nemo abinda yake takara da ita, yawanci fiyano ne ko sint, wato kiɗan lantarki, ko samfur, wato guntun sautin da aka ɗebo daga wata waƙa, da ke zaune tsakanin 1 da 4 kHz. Ka sa dainamik ikiyu a kan bit ɗin wanda muryar ce take tunzura shi, idan mawaƙin yana magana wurin ya sauka da 1 zuwa 3 dB, idan yayi shiru ya dawo. FabFilter Pro-Q yana yi, Trackspacer ma don wannan aka yi shi. In ikiyun naka yana raba tsakiya da gefe to tsakiyar kawai zaka rage tunda nan muryar take, gefen ka bar shi da faɗinsa. Kar ka zarce, in ana jin bit ɗin yana numfashi duk lokacin da aka yi magana to ka yi yawa.

Game da inda muryar zata tsaya, ni da siniya, gangar nan mai ƙarar tas a cikin bit, nake aunawa, muryar ta zo kafaɗa da kafaɗa da ita ko ta ɗan fi ta kaɗan. Sai in rage sifika ƙasa sosai kamar ana raɗa, in har ina jin kowace kalma kuma ina jin siniyar to an kusa. Daga nan sai otomeshon, wato tsara hawa da saukar ƙarfi a wurare daban-daban, huk, wato amshi, ya ɗan hau, wurin da bes ɗin 808 ya shigo da ƙarfi muryar ta ɗan ƙaru da rabin dB ko ɗaya. A ƙarshe kwamfuresa mai laushi a kan su duka biyun tana cin 1 ko 2 dB ita take sa su ji kamar tare aka haife su.

Amma in da hali ka roƙi furodusan ya baka kayan kiɗan a rarrabe, ko aƙalla WAV. Bit ɗin MP3 da aka sauke daga intanet samansa a yanke yake tun kafin ka fara.

Dole ne sai na sa Auto-Tune a rap?

A'a. In magana ce zalla kake yi ba kari, ba abinda zai kama, sai ma ya dinga fizgar muryar yana neman nota inda babu. In kuma kana rerawa ko rabi da rabi kamar yadda ake yi a salon rap na tiraf, to ya zama kayan kiɗa shima. Kamfanin Antares ne ya fitar da shi a 1997, wanda ya ƙirƙiro shi Andy Hildebrand da can lissafin amon ƙarƙashin ƙasa yake yi wa masu neman man fetur, kuma don gyara a ɓoye aka yi shi, daga baya irin su T-Pain suka mayar da shi salo a fili.

Abu uku ke ɓata shi. Na ɗaya ki, wato jerin notocin da aka gina kiɗan a kai, in ka sa ki ɗin da ba na bit ɗin ba duk abinda ka yi bayan nan aikin baban giwa ne, kuma wani bit ɗin da aka gina kan samfur ba ya zaune daidai a 440 Hz, sai ka ɗan matsar da filogin ɗin ya same shi. Na biyu saurin gyara, a 0 ne yake bada muryar robot ɗin nan, daga wajen 20 zuwa sama yake fara ɓuya. Na uku, wanda yafi kowanne, rashin jinsa lokacin rikodin, dole mawaƙin ya dinga jinsa a hedifon lokacin da yake yi, don wasa ake yi da shi, yadda kake lanƙwasa murya haka yake amsawa. Wanda yayi rikodin babu shi sannan yace a sa masa daga baya ba zai taɓa samun abinda yake ji a waƙoƙin wasu ba. In gyaran nota ɗaya ko biyu ne kawai ba tare da an ji ba, Melodyne ya fi dacewa.

Dabul da adlib fa? Zan iya kwafe muryar in manna a wani tirak ta zama dabul?

Ba zata zama ba, ƙara kawai ka ƙara mata, daidai da ka ɗaga feda, maɓallin ƙarar tirak ɗin. In kuma ka ɗan matsar da kwafin don ya bambanta, ranar da aka saurara a mono, wato hagu da dama a haɗe wuri ɗaya, sai su cinye juna muryar ta zama kamar a cikin bututu. Dabul sake yi ake yi, ɗan bambancin da ke tsakanin tek biyu shine kaurin. A baiti yawanci ƙarshen layi ko kalmomin da ake son su daki mutum kawai ake ninkawa, a huk kuma ana iya yin biyu a jefa ɗaya hagu ɗaya dama babbar muryar tana tsakiya. Su zauna ƙasa da ita da kamar 8 zuwa 12 dB, a rage musu ƙasa da sama, a matse su fiye da ita, a cire musu numfashi gaba ɗaya, di'esa kuma a tsananta musu don s uku da basu faɗi lokaci ɗaya ba ba abinda ya kai su ƙazanta. Jera su daidai da babbar muryar kuwa wajibi ne, da hannu ko da VocAlign.

Adlib, wato 'yan kalmomi da ihun da ake jefawa a bayan babbar murya, nan ne filin wasanka. Ka jefa su gefe, ka yi musu muryar waya ta hanyar yanke ƙasa da 300 Hz da sama da 3400 Hz, wanda shine faɗin layin tarho na da, ka jiƙa su da dilei, duk abinda ka hana babbar murya su ka basu. Sharaɗin kawai kar su taka kalmar da ake son a ji.

Ribab nawa ya isa?

Ƙasa da yadda kake zato. Rap kalmomi ne a cunkushe, jelar ribab ta kalmar farko tana kan ta biyu da ta uku, kuma ribab baya yake tura murya alhali kai gaba kake so ta zo. A baiti gajere nake sawa, ƙasa da sakan 1 ko kewayen haka, da firidilei na milisakan 30 zuwa 60 don kalmar ta fita tukuna kafin jelar ta biyo. A kan ribab ɗin kansa ka yanke ƙasa da wajen 300 Hz da sama da wajen 6 kHz. In ka kashe shi ka ji wani abu ya ɓace, in ka kunna kuma baka lura da shi ba, to ya zauna daidai.

Dilei ya fi yi wa rap amfani. Gajere na milisakan 80 zuwa 120 mai maimaici ɗaya yana bada jiki ba tare da ya jiƙa muryar ba. Dogon kuma da bit ake ɗaure shi, lissafin ba wuya, ka raba 60000 da BPM, wato yawan bugun bit a minti ɗaya, a 140 zaka samu kusan milisakan 429 na bugu ɗaya, rabinsa 214. Kar ka bar shi a buɗe duk waƙar, ka jefa shi kan kalmar ƙarshe inda akwai fili a bayanta, ko ka sa kwamfuresa a kansa wadda muryar ke dannewa, yana ɓuya in ana magana yana fitowa in an yi shiru.

A hedifon waƙar tayi daɗi, a waya da mota kuma sai ta watse

Hedifon yana raba maka hagu da dama tsaf ya nuna maka komai a fili, duniya kuma ba haka take saurare ba. Ka dinga danna mono kana duba ko dabul da faɗin da ka yi suna nan. Ƙaramar sifikar waya bata iya fitar da ƙasan 808, shiyasa ake ɗan ƙona shi da satureshon don ya haifi sautuka a sama waɗanda wayar zata iya, muryar ma ɗan satureshon yana taimaka mata ta fito a ƙananan sifiku. Ka ɗauko waƙar da ka yarda da aikinta ka sa a cikin aikinka, ka sauke ta ƙarfinsu ya zo ɗaya, ka dinga tsallakawa tsakaninsu, a nan zaka gane ashe muryarka tayi duhu ko bes ya yi yawa. Sannan ka dinga tashi kana hutawa, bayan awa biyu da ƙara a kunne saman sauti yake fara dushe maka sai ka dinga ƙara haske, washegari ka buɗe ka rasa wanda yayi wannan aika-aikar.

Waƙata bata kai ta wasu ƙara ba

Wannan aikin mastarin ne, kar ka nemi ƙarar tun a miksin. Ka kuma sani Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya, Apple Music wajen -16, wanda ya fi haka sauke shi suke yi. Duk da haka yawancin rap da ake fitarwa ya fi wannan ƙarfi sosai saboda matsewar ta zama wani ɓangare na sautin, don haka ba sai ka tsaya a -14 cif ba. Ka tura limita, mai hana sauti wuce iyaka, har inda kik, wato babbar ganga, ya fara rasa duka ko 808 ya fara yage muryar, sai ka dawo baya, silin ɗin kuma, wato iyakar saman limitar, ka bar shi a -1 dB don kar ya fashe in an mayar da shi ƙaramin fayil.

Sai na tara filogin masu yawa kafin aikina yayi kyau?

Ikiyu da kwamfuresa da dilei da ribab ɗin da suka zo cikin FL Studio ko Logic ko Pro Tools ko Reaper sun isa a fitar da waƙa tsaf. Mai kwamfuresa ɗaya da ya san halinta ya fi mai talatin da kullum yake gwada sabuwa.

Zan tura wa wani injiniya yayi min miksin, ya zan shirya fayilolin?

WAV, 24-bit, a kan sampul ret ɗin, irin su 48 kHz, da aka yi rikodin da shi kar ka canza. Kowane tirak daban, babbar murya daban, dabul daban, adlib daban, kuma dukkansu su fara daga farkon waƙar ko da adlib ɗin sai a minti na biyu yake shigowa, ta haka yana jefa su zasu zauna a inda suke. Muryoyin a mono, a bushe, ba ribab ba dilei ba limita. In akwai Auto-Tune da salon waƙar ya dogara da shi ka tura biyu, mai shi da marar shi. Ka rubuta BPM da ki, ka sa wa fayilolin suna da mutum zai gane, ba odiyo 1 odiyo 2 har 40 ba. Ka haɗa masa da ɗan miksin ɗin da kuka saba ji a situdiyo ko da bai yi kyau ba don ya san inda kunnenku ya zauna, da waƙa ɗaya ko biyu da kuke son a nufa. Sai ka dunƙule su a fayil ɗaya na zif ka tura ta Google Drive ko makamancinsa, kar ka tura su a matsayin sautin manhajar hira don matse su take yi.